Murya Kafin Fuska: Yadda Za Ka Haɗa Kayan Taron Bidiyo a Bekaji

A watan Mayun 2020, lokacin da annobar korona ta hana jama'a cuɗanya, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta bidiyo. Shugaba Muhammadu Buhari yana fadarsa, akasarin ministoci kuwa kowa yana ofishinsa. Bayan wata biyu Kotun Ƙoli ta ce zaman shari'a ta wannan hanya bai saɓa wa tsarin mulki ba. Annoba ta wuce, amma taron bidiyo ya zauna daram. Yau a Bekaji da sauran unguwannin Jimeta za ka tarar da ma'aikacin ƙungiyar agaji yana ba da rahoto ga ofishinsu na Abuja, domin tun da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a 2014, 'yan gudun hijira suka kwararo Yola, irin waɗannan ƙungiyoyi suka yawaita a garin. Za ka tarar da malamin Jami'ar Modibbo Adama yana gabatar da takarda ga taron da ake yi a wata nahiya, da ɗalibar jami'ar AUN da ake tantance ta don gurbin ƙaro karatu, da ɗan kasuwar da ke cinikin kaya da mutumin Guangzhou, da alaramman da ke karɓar harda daga yaran da ke Ingila. A wajen wasunsu, rabin sa'ar nan a gaban kyamara ce za ta yanke ko sun samu aiki ko sun rasa.

Abin da ke damuna shi ne, wanda ya ƙudura gyara taronsa yakan nufi shagon kayan waya ya tambayi kyamara, ko fitilar nan mai siffar zobe. Da ƙarshen lissafin ya fara. A garinmu jerin ya kamata ya tafi haka: wuta, intanet, murya, haske, sa'annan kyamara. Dalilin kuwa a fili yake. Mutane za su yi haƙuri da hoto mai dishi-dishi har a tashi taro, amma muryar da ke yankewa ba a jure ta minti biyar. In aka ce maka “maimaita, ba mu ji ba” sau uku, a na huɗu ba za a tambaya ba, za a wuce ga wani.

Wuta

Kowa ya san halin lantarkin Jimeta, musamman a bazara. Wani lokacin ma matsalar daga nesa take zuwa: a Afrilun 2024 ɓarayi suka lalata turakun babban layin da ya taso daga Jos zuwa Gombe, garuruwan Arewa maso Gabas, har da Yola, suka shiga duhu. Saboda haka ka shirya taronka kamar ba za a kawo wuta ba.

In an ɗauke wuta ana tsakiyar taro, kwamfutar cinya ba ta mutuwa, tana da batirinta. Abin da ke mutuwa nan take shi ne rauta, akwatin da ke raba intanet. Ko da kana da janareto ko inbata, ɗan tsinkewar da ake samu wajen sauya layi ta isa ta kashe rautar, kafin ta sake tashi ta kamo sabis minti ɗaya ko biyu sun tafi, kai kuma an riga an jefar da kai daga taron. Maganin ƙaramin abu ne: akwai ɗan batirin da ake yi musamman don rauta, ana soka shi tsakanin soket da rautar, yana riƙe ta sa'o'i. Ka duba ƙasan rautarka ka ga bolt nawa take ci, yawanci 12 ne, ka sayi wanda ya dace da ita. Mai amfani da ƙaramar maifai ta aljihu ya huta da wannan, sai dai ya cika ta da caji tun dare.

Mai sola ya yi wannan lissafin. Cajar kwamfutar cinya akasari wat 45 zuwa 65 ce, rauta kamar 10, ƙwan fitila na zamani shi ma kamar 10. Duka ba su kai wat 100 ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na sa'a guda, kuma in na ruwa ne ba a so a sha fiye da rabinsa. Ke nan ya ishe ka kusan sa'a shida, muddin ba ka jona masa firji ko dutsen guga ba. In kuwa janareto ne abin dogaronka, ka sayi doguwar waya ka kai shi can bayan gida, nesa da tagar ɗakin da kake zaune, wanda hakan ya fi ma lafiya saboda hayaƙinsa.

Zafi ma yana cikin lissafi. A Maris da Afrilu ma'aunin zafi a Yola yakan haura digiri 40. Wayar da ke ɗaukar bidiyo, tana kama sabis, kuma tana caji lokaci guda, za ta yi zafi har ta rage gudun kanta don kada ta lalace. Daga nan hoto ya fara ƙamewa, kai kuma ka ɗora laifin a kan kamfanin layi. Ka cika cajin kafin taro, ka cire mata riga, ka kawar da ita daga hasken rana. Kwamfuta kuma kada a ɗora ta a kan katifa ko filo, domin ta ƙasa take shaƙar iska.

Intanet

Yawancinmu in muka ce sabis yana da kyau, muna nufin bidiyon YouTube yana buɗewa ba tsaiko. Wannan saukewa ne kawai. A taro kai ma aikawa kake yi, kuma ƙarfin aikawa shi ne yakan gaza. Ka buɗe manhajar Speedtest, za ta ba ka lambobi uku: gudun saukewa, gudun ɗorawa, da jinkiri. Kamfanin Zoom da kansa ya ce hira tsakanin mutum biyu da hoto mai kyau na 720p tana buƙatar megabit 1.2 a daƙiƙa ta kowane ɓangare, mafi tsabta na 1080p kuma yana neman kusan 3.8 wajen ɗorawa. Murya kaɗai ba ta wuce kilobit 60 zuwa 80. In ɗorawarka ta tsaya a kan megabit 3 ba ta hawa da sauka, ka wadatu. Jinkiri kuwa in ya haura kusan milisakan 150, za ku fara cin karo a magana, kai ka fara, shi ma ya fara, ku duka ku yi shiru.

Ka yi gwajin a kujerar da za ka zauna, kuma a irin lokacin da za a yi taron. Layin da ke gudu da hantsi yana iya rarrafe bayan Isha'i, sa'ad da kowa ya dawo gida ya ɗauki waya. A unguwa ɗaya ma, gidan da MTN ya fi ƙarfi ba lalle ne maƙwabcinsa ya zama haka ba. Wataƙila can Airtel ne ko Glo. Kada ka ɗauki maganar kowa a kan wannan, ka auna da kanka. Bayan ka gano wanda ya fi, ka ajiye layi na biyu na wani kamfanin daban da data a ciki, kuma ka riga ka haɗa kwamfutarka da shi sau ɗaya, yadda in na farko ya faɗi, dannawa ɗaya ce za ta mayar da kai.

Katangar bulo da rufin kwano suna cin sigina. Sau da yawa matsar da maifai zuwa bakin taga ya fi sayen sabuwar na'ura amfani. In rautarka tana da ramin waya kuma kwamfutarka ma tana da shi, ka haɗa su da wayar intanet kai tsaye, ta fi waifai tabbas. In dole sai waifai, rautoci da yawa suna fitar da suna biyu, ɗaya na 2.4, ɗaya na 5. Na 5 ya fi gudu in kana ɗaki ɗaya da rautar, na 2.4 ya fi ratsa bango. Wannan 5 ɗin ba shi ne 5G na kamfanonin waya ba, wanda MTN ya fara a Najeriya a 2022.

Batun kuɗin data ba abin rainawa ba ne, balle tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan farashi a Janairun 2025. Megabit 1.2 a daƙiƙa, shiga da fita, ya kama kusan gigabait ɗaya a sa'a. Murya zalla ba ta cin ko kashi ɗaya cikin goma na wannan. Saboda haka in taron na sauraro ne, ka buɗe kyamara ka gaisa, ka rufe ta sai lokacin maganarka, in dai mai taron bai hana ba. Ka kashe zaɓin HD in ba ganawa ce mai muhimmanci ba. Abu mafi sata kuwa shi ne abin da ke gudana a ɓoye: kwamfuta tana sabunta kanta, waya tana tura hotuna ma'ajiyar Google, yara a falo suna kallon fim a kan rautar. Ka dakatar da su duka kafin a fara.

Ofishin da aikinsa ya rataya a kan taruka zai iya duba Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan Adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Taurarinsa suna kusa da ƙasa, kamar kilomita 550, shi ya sa jinkirinsa bai kai na tsofaffin taurarin ɗan Adam ba. Amma farantinsa yana son sarari ba bishiya, yana cin wuta kamar kwamfutar cinya ko fiye, kuma ruwan sama mai ƙarfi irin na Agusta yana raunana shi na ɗan lokaci. Ko da shi, ka ajiye lambar wayar mai shirya taron. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a faɗin ƙasar nan suka tsaya, amma kiran waya na yau da kullum yana tafiya.

Murya

Nan ne nake so mai karatu ya fi tsayawa, domin nan ne ƙaramin kuɗi ke yin babban aiki.

Ƙa'ida ɗaya ce ke mulkin sauti: kusanci. In ka ninka tazarar da ke tsakanin bakinka da makirfo, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙarar fanka da ta Keke Napep a titi kuwa ba ta ragu ba. Makirfon da ke jikin kwamfuta yana nesa da bakinka, saboda haka yana ɗaukar ɗakin gaba ɗaya, kai kana ɗaya daga cikin abubuwan da ke cikinsa. Iyafis mai waya, irin wanda ake sayarwa tare da waya, yana kawo makirfon kusa da haɓarka. Wannan kaɗai ya gyara fiye da rabin matsalar, kuma yana hana muryar mutane fita ta lasifika ta sake komawa cikin makirfo.

Na fi son mai waya a kan na bulutut. Na bulutut yana da batirin da zai iya ƙarewa, yana iya tsallakawa ya kama wata wayar in kira ya shigo, kuma da zarar an kunna makirfonsa ingancin sautin yakan ragu. In kana da mai kyau, ka yi amfani da shi, amma mai waya ya kasance a aljihu.

Wanda yake koyarwa ko yake yawan gabatar da jawabi zai iya ƙara mataki. Akwai ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga, irin Boya BY-M1 da ya yaɗu a hannun masu ɗaukar bidiyo, wayarsa ta kai mita shida. A maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa. 'Yan'uwa mata su lura: in aka sa shi ƙarƙashin hijabi ko mayafi, duk motsi sai ya yi ƙarar gogayya, muryar kuma ta dushe. A maƙala shi a waje, a kan ƙyallen, inda ba abin da zai shafe shi. Haka mai babbar riga da ke yawan gyara ta a kafaɗa. In kuma za ka sayi makirfon tebur mai shiga ramin USB, ka sani iri biyu ne. Wanda ake kira kondensa yana da kaifin ji, an yi shi don ɗakin ɗaukar sauti. A gidanmu zai kwaso kukan zakara da muryar mai tallan ruwa. Wanda ake kira dainamik, irin Samson Q2U, ba ya jin abin da ke nesa sosai, sai ka matso da shi bakinka. Shi ya dace da mu.

Sai ɗakin kansa. Gidajen zamani a Jimeta tayil ne a ƙasa, siminti a bango, gilashi a taga, kuma duka ukun suna mayar da sauti. Ka tsaya tsakiyar ɗaki ka tafa sau ɗaya. In ka ji tafin ya yi wutsiya, to haka muryarka ke zuwa wa mutane, kamar mai magana daga cikin rijiya. Ba sai ka sayi komai ba: shimfiɗa kafet ko darduma, sauke labule mai kauri, zaɓi ɗakin da ke da katifa, kujerun kushin ko kantar littattafai. Ƙaramin ɗakin kwana ya fi babban falo mara kaya daɗin sauti.

Fanka ita ce babbar jarrabawa, domin ba wanda zai ce maka ka kashe ta a watan Afrilu. Ƙararta ba ta kai iskarta ɓarna ba. Iskar da ke bugun makirfo kai tsaye ita ke yin wannan gurnanin. Ka kauce daga ƙarƙashin fankar silin, ka kawo ta tsaye ka ajiye a gefe, ka karkatar da ita ga ƙirji da ƙafafu, ka rage mata gudu. Ɗan soson da ke zuwa da makirfo ma kada a yar da shi, aikinsa ke nan.

Zoom da Teams suna da tsarin tace hayaniya, kuma yana aiki ƙwarai a kan ƙara mai ɗorewa kamar ta janareto. Ka shiga saitin sauti ka ƙara masa ƙarfi in gidanku da hayaniya. Amma ga wani abu da alarammomi da masu koyar da tajwidi ya kamata su sani: wannan tacewar an gina ta ne don maganar yau da kullum, tana iya ɗaukar dogon madda ko gunna a matsayin hayaniya ta datse shi, malami ya zaci ɗalibi ne ya gajarta. A Zoom akwai zaɓin barin sauti yadda yake, wanda aka tanada don makaɗa. Malami da ɗalibi duka su kunna shi, su zauna a wuri shiru, su sa iyafis.

In ku da yawa ne a ɗaki ɗaya, na'ura ɗaya ce kawai za ta buɗe sauti. Wannan ƙugin mai huda kunne da ake ji a tarukan ofis yana faruwa ne sa'ad da waya biyu a wuri ɗaya suka shiga taro, lasifikar wannan tana ciyar da makirfon waccan. Rufe makirfo kaɗai bai isa ba, sai an kashe lasifikar ma. Ofishin da mutum uku ko huɗu ke zama tare ya sayi lasifikar taro mai makirfo a jiki, irin Jabra Speak 510, a ajiye ta tsakiyar tebur, kowa ya matso. Kuma duk wanda ba shi ke magana ba ya rufe makirfonsa. Ladabin majalisa ne.

Haske da kyamara

Kyamara tana auna hasken duk abin da take gani ne ta raba daidai. In taga tana bayanka, ranar Yola za ta cika hoton, kyamarar ta rage haske, fuskarka ta zama inuwa. Juya teburin ka fuskanci tagar, shi ke nan ka samu fitilar da ta fi duk ta kasuwa. In hasken ya yi yawa, sa farin labule marar kauri. Wannan aunawar ce kuma ke cutar mai baƙar fata da ya sa farar shadda kar: farin ya rinjayi kyamarar, fuskar ta ƙara duhu. Shuɗi, toka, ruwan ƙasa ko kore mai duhu sun fi fitar da fuska. Yadi mai ƙananan ratsi yakan yi rawa a allo, a bar shi don wata rana.

Da dare, ƙwan silin yana jefa inuwa a ramin idanu, in kuma yana saman fanka, fukafukanta za su riƙa yanka hasken. Ka ajiye fitilar caji a bayan kwamfuta, ɗan sama da kai. In ta yi kaifi, haska ta ga farin bango hasken ya dawo maka a tausashe. Fitilar zobe tana da kyau, sai dai mai tabarau zai ga zobba biyu a idonsa. Ya matsar da ita gefe. In ka ga wasu layuka suna gangarawa a hoton, ka duba saitin kyamara: lantarkinmu mai bugu 50 ne a daƙiƙa, wasu kyamarori kuwa suna zuwa a saite kan 60 na Amurka.

Kafin ka yanke cewa kyamararka ba ta da kyau, goge ta. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana kwanciya a kan gilashin, ga kuma maiƙon yatsa. Sa'annan ka ɗaga ta daidai idonka, ko da littattafai za ka jera a ƙarƙashin kwamfutar, ka bar ɗan fili a saman hula ko ɗankwali. In waya ce, ka kwantar da ita a faɗi, ka kafa ta a kan wani abu, kada ka riƙe a hannu. Lokacin da kake faɗin magana mai muhimmanci, ka dubi idon kyamarar.

In bayan duk wannan hoton bai gamsar ba, Logitech C270 mai 720p ta isa yawancin aiki, C920 mai 1080p kuma ta isa kowane irin taro. Kyamarar 4K asarar kuɗi ce a nan, domin manhajojin taro suna matse hoton su rage shi daidai ƙarfin layinka. Kyamarar bayan wayarka ma wataƙila ta fi ta kwamfutar. Manhajoji irin DroidCam da Iriun suna mayar da waya kyamarar kwamfuta, kuma haɗawa da wayar USB ya fi. Duk abin da za ka saya, a Babbar Kasuwar Jimeta ne ko a wani shago, ka je da kwamfutarka ka gwada a gaban mai kaya, don jabu sun yi yawa. Mai sayen kwamfuta ta hannu ya nemi mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 8, ya gwada kyamara da ramin iyafis, ya cire caja ya ga yadda batirin ke sauka. Hoton bango na ƙarya kuwa yana wahalar da tsohuwar kwamfuta, yana kuma cin gefen hula da hijabi. Bango mai tsabta ya fi shi mutunci.

Manhaja

Yawanci wanda ya kira taro shi ke zaɓa, saboda haka ka sauke Zoom, Google Meet da Microsoft Teams tun yau, ka shiga kowanne sau ɗaya, ka ba su izinin kyamara da makirfo. Zoom yana da ɗakin gwaji inda za ka ji muryarka ka ga hotonka ba kowa. In kai ne mai kira, ga iyakokin na kyauta: Zoom minti 40, Meet da Teams minti 60 ga taron jama'a, kowanne mutum 100. Meet yana buɗewa a kwamfuta ba tare da an sauke komai ba, abin da ke sauƙaƙa wa baƙon da bai saba ba. WhatsApp yana ɗaukar mutum 32, ya dace da taron dangi ko na ƙaramin kwamiti, sai dai kowa zai ga lambar kowa. Skype kuwa Microsoft ya rufe shi a Mayun 2025. Ƙungiyar da ke taro duk mako ta biya wa mutum ɗaya rajista. Yankewar taro a minti na 40 a gaban baƙi ba ta da kyan gani.

Ka rubuta cikakken sunanka a manhajar. Mai tantance masu neman aiki bai kamata ya ga sunan samfurin wayarka ko laƙabin da abokai ke kiranka da shi ba. Kafin ka nuna allonka ga jama'a, ka rufe saƙonni da duk shafin da ba na taron ba. Mai shirya taro ya sa kalmar sirri da ɗakin jira, kada ya manna adireshin shiga a Facebook. Kada a naɗi taro sai an sanar da mahalarta. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma masu aiki da 'yan gudun hijira, marayu ko marasa lafiya amana ce a wuyansu tun kafin doka.

Akwai wata damfara da ta yaɗu da sunan taro. Wani zai kira ka ya ce shi ɗan ƙungiyarku ne, za a yi zama ta Zoom da yamma, an turo maka lamba shida ta shiga, ka karanto masa. Lambar nan ta WhatsApp ɗinka ce. Da ka faɗa ya ƙwace shi ya fara roƙon kuɗi da sunanka. Babu taron gaskiya da ake shiga ta hanyar karanta wa wani lambar da aka turo maka. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, ka kuma gaya wa iyaye da dattawan gida.

Lokaci ma a tantance shi. Mu da Kamaru da Nijar agogo ɗaya ne. Saudiyya tana gabanmu da sa'a 2, Dubai 3, Sin 7. Ingila daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin tana bayanmu da sa'a ɗaya. New York tana baya da sa'a 5 ko 6. In lokacin da aka sa ya faɗa kan Juma'a ko Magariba, ka faɗa tun ranar da aka aiko gayyata, yawancin mutane suna gyarawa. In gidanku kusa da masallaci yake kuma kiran salla ya riske ka, rufe makirfo ka rubuta musu dalili. Ranar taron ka shiga da minti goma, ka sanar da mutanen gida, kuma in hoto ya fara ƙamewa kashe kyamara nan da nan ka ci gaba da bayaninka.

Akwai matasa da yawa a Jimeta da ake kira ganawar aiki ko ta tallafin karatu, ba su da kwamfuta, ba su da ɗakin da babu hayaniya, suna yin ta a tsaye a bayan gida da wayar aro. Ina roƙon shugabannin makarantu, ƙungiyoyin unguwa, kwamitocin masallatai da coci-coci, da masu shagunan intanet a Bekaji, su ware ƙaramin ɗaki ɗaya mai kafet da labule, da tebur mai fuskantar taga, da layi biyu, da batir, da iyafis mai kyau, a riƙa ba yaranmu shi na sa'a guda in irin wannan rana ta zo musu.